Yaren da Ammu Ta Tuna

Lahadi, 2 ga Fabrairu, bayan azahar

Ammu ta sake yi, yau kuma a kan teburin karin kumallo, a gaban mijina, baban Rafsan. Na miƙa mata shayi, ta ture kofin ta ce ya huce, a ɗumama. Magana ce ƙarama, sai dai ba da Bangla ta faɗe ta ba. Da wancan yaren ta faɗa, tas, kamar jiya ta daina yin sa.

Baban Rafsan ya sauke jarida ya dube ni ta saman tabarau.

"Dilruba, wai mahaifiyarki Urdu take yi, ko kunnena ne?"

Na yi dariya. Na ce finafinan Indiya ne da take wuni tana kallo, ƙwaƙwalwar tsohuwa ta zama soso, duk abin da ya zuba a kai sai ta tsotse. Ya ce to a rage mata talabijin, watan tunawa da shahidan harshen Bangla ne wannan, kada baƙi su ji su ɗauka Biharawa, baƙin nan masu yaren Urdu, muke ɓoyewa a gida. Ya yi dariyarsa ya ɗaga jarida. Hoton mahaifinsa na rataye a bayan kansa da sarƙar furanni, inda na same shi ranar da aka kawo ni gidan nan.

Na sallami mai aiki da rana. Bakinta ya fi tsintsiyarta aiki. Ni zan riƙa yi wa Ammu wanka, ai uwata ce.

Shekara talatin na yi ina koyar da Bangla a makarantar 'yan mata, ba wanda ya taɓa kama harshena da kuskure. Yanzu tsohuwar da ba ta san ranar mako ba ce za ta tsaya ta tone ni.

Ta ci shinkafa da romon dal, ƙananan waken nan. Ta bar kifin.

Talata, 4 ga Fabrairu, bayan la'asar

Ƙanwata Jabin, mai kirana Apa, wato Yaya, ta zo, da fenti har cikin farce kamar kullum. Mace ta haura arba'in amma tana yawo da wandon maza da gashi a yanke. Ta wuce ni ta shiga ɗakin Ammu, na ji ta ce, "Ammi." Ba Ammu ba, Ammi, yadda ake kiran uwa da wancan yaren. Tun bara da ta ji tsohuwar tana sambatu ta gane abin da muke, ta ɗauki wannan sabon kira kamar ta tsinci zobe a hanya.

Na tsaya a bakin ƙofa. Tana taje mata kai tana yi mata gwarancin Urdun da ta koya a waya, Ammu tana gyara mata tana dariya. Rabona da jin dariyar Ammu tun kafin rasuwar Abbu, mahaifinmu. Ni da nake kwashe mata kashi ba ta yi mini dariya.

Da ta gama ta tsince farin gashin da ke jikin matajin ta nannaɗe a takarda ta sa a jaka.

Na ce, "Tsafi kika fara?"

"Aiki ne, Apa. Ki zo ki gani ranar Asabar. Na gama babban zanen, za a buɗe baje kolin ran ashirin da ɗaya."

"Duk ranakun Allah ba ki samu ba sai wannan?"

"Ita nake so."

Ranar da duk garin nan zai fita ba takalmi, da furanni a hannu, don yaran da aka harbe saboda sun ƙi a ɗora musu wancan yaren. Ita take so.

Na tambaye ta ko ita ce ta ɗauki sarin Ammu, zanin aurenta, daga akwati, jan silikin nan mai zaren zinariya. Ta ce Ammi ce ta ba ta. Matar da jiya ta ba ni cokali ta ce in kai wa limami.

Laraba, 5 ga Fabrairu, safe

Kaina na ciwo. Ammu ta ci gurasa da ƙwai. Ba ta yi magana ba, alhamdulillahi.

Asabar, 8 ga Fabrairu, bayan azahar

Na je. Ɗakin aikin Jabin a unguwar Mohammadpur yake, saman shagon wani tela, tagar tana kallon rufin sansanin Biharawa. Da gangan ta kama wurin, na sani. Warin kwata da na nama gasasshe suna shigowa tare.

Abin ya cinye bango guda. Ba mutum a ciki, ba bishiya, ba kogi, ba komai da za ka nuna ka ce ga shi. Na ce mata kamar an kifar da tukunyar miya a kan zanin gado. Ta ce in matso.

Da na matsa na ga sarin Ammu. Ta yayyaga shi ta manna, ta zare zaren zinariyar ta bar shi yana reto. Ga guntayen kwanon rufi masu tsatsa da ta roƙo a sansanin, ga tokar gawayi ta kwaɓa da danƙo ta shafe ƙasan, ga lalle, ga shuni. Ga gashin Ammu an ɗinke shi a jiki, layi-layi. A ƙarƙashin duka ta yi rubutun wancan yaren, daga dama zuwa hagu, sannan ta bi shi da farar ƙasa ta shafe, ta kuma kankare da wuƙa har wutsiyoyin haruffan suka leƙo. Akwai wani ja a gefen hagu, ja mai duhu irin na bulo da ya sha hayaƙi. Ban san inda ta samo shi ba. Ba ta taɓa ganin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa na Saidpur ba, bayan mun baro can da shekaru aka haife ta. Amma jan bangon gidanmu ne. Sai da na nemi kujera.

A sama, kusa da tsakiya, ta ƙone ƙyallen da wuta, rami kamar faɗin faranti, gefensa baƙi.

"Nan kuma ɓera ne ya ci?"

"Sarfaraz ne," in ji ta. "Ammi tana kiransa kullum. Wane ne shi, Apa?"

Na ce ban sani ba.

"Kin sani. Wanmu ne, ko? Me ya same shi?"

Ba zan rubuta wannan ba. Lokacin yaƙi mun hau taragon kaya mu uku, ni da Abbu da Ammu, ina 'yar ƙarama, shi ke nan abin da zan rubuta. Da muka iso Dhaka Abbu ya ce daga yau mu Bangalawa ne, mutanen Rangpur. Ranar da na manta na nemi ruwa da wancan yaren a gaban maƙwabta, ya kai ni bayan gida ya murza mini ɗanyen barkono a harshe. Yana yi yana kuka. Ban sake mantawa ba. Ita Jabin an haife ta cikin inuwa, ta tashi Babangaliya ba tare da ta biya komai ba, yanzu ita ce mai neman asali.

Ta ce sunan zanen Harshen Uwa. Ta ce a ranar buɗewa za ta tsaya a gabansa ta faɗi wace ce uwarta.

Na ce, "Kin san wanda nake aure?"

"Dulabhai mutum ne mai hankali." Haka take kiran baban Rafsan, wato mijin yaya.

"Dulabhai ɗinki yana ɗan shekara tara, lokacin yaƙin 'yancin ƙasa, ya ga maƙwabtansu masu wancan yaren sun nuna wa sojoji gidansu. Ba a ga gawar ubansa ba har yau. Ki faɗa mini wane hankali ne zai rage masa."

"Ba Ammi ce ta nuna gidan ba."

"Ba wanda zai tambaye ki wannan."

Ta ce ta gaji da zama ba ta san fuskar da take gani a madubi ba. Na ce in fuska ce damuwarta ta sa hoda. Na roƙe ta, Allah ya gani na roƙe ta. Na ce ta rataye abinta ta yi shiru, ba mai gane komai a cikin wannan kwamacala, su tafa mata su sha shayi su watse. Ta ce in ta yi shiru ta zama farar ƙasar da ke jikin zanen.

Haka take magana. Kamar littafi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, magariba

Ammu ta ci shinkafa. Ta kira wancan sunan sau da yawa. Na ƙara ƙarar rediyo.

Talata, 11 ga Fabrairu, bayan la'asar

'Yan kwamitin unguwa sun zo shirin ran ashirin da ɗaya, baban Rafsan ne shugabansu bana ma. Sun cika falo, na kai musu shayi da soyayyen gauta. Kamar kullum hira ta gangaro kan mahaifinsa, ya ba da labarin daga farko, da muryar nan tasa da ke rawa a daidai wuri ɗaya. Farfesa Motahar ya ce har yau in ya bi ta gefen sansanin sai ya tofar da yawu.

Suna cikin haka Ammu ta ɗaga murya daga ɗaki. Waƙa take yi, irin ta lallashin jariri. Na ajiye faranti na tafi.

Na rufe ƙofa na ce ta yi shiru. Ta ci gaba. Na riƙe mata hannu, wataƙila da ƙarfi. Ta ci gaba. Akwai ɗanyen barkono a gefen farantin abincinta na rana, na ɗauka na nuna mata kawai. Ban taɓa ta da shi ba. Nunawa na yi. Ta dube shi ta dube ni, ta sa hannu biyu ta rufe bakinta.

Ashe tana tunawa da wasu abubuwan.

Na fito na murza makulli na koma falo. Farfesa ya ce soyayyen gautana ya fi na matarsa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, hantsi

Na gaya wa mai gadi kada ya bar Jabin ta hau. Ta tsaya a ƙasa ta kira ni a waya, ina kallonta ta taga.

"Apa, ki buɗe. Uwata nake so in gani."

"Uwarki tana barci."

"Ina jin muryarta daga nan."

"To kin gan ta ke nan, ki tafi."

Ta ce ba ni da ikon raba ta da mahaifiyarta. Na ce ikon yana hannun mai wanke zanin gadon fitsari, ba mai zuwa tsintar gashi ba. Na ce ta janye maganar jawabi, ƙofa a buɗe take. Ta ce ba ta cinikin uwarta. Sai na faɗa mata abin da na daɗe ina riƙewa: macen da miji ya saka, ba ɗa ba jika, dole ta nemi abin da za ta haifa ko da tsumma ne da tsatsa. Na ga ta sauke wayar daga kunne ta tsaya tana kallon ƙasa, har mai keken haya na rikisha ya buga mata ƙararrawa ta matsa.

Ba ni na fara ba.

Asabar, 15 ga Fabrairu, bayan azahar

Jabin ta aiko wa baban Rafsan da katin gayyata har ofishin kwamiti. Ya shigo yana kaɗa shi.

"Kin ga ƙanwarki? Harshen Uwa! Ashe duk haukan nan akwai kishin ƙasa a ciki." Nan take ya kira ta, ina ji yana tsokanarta. "Ke mai fentin kaji, in na zo ban gane sama da ƙasan abin ba, sai kin biya ni kuɗin mota." Ban ji amsarta ba, na dai ji ya fashe da dariya. Ya ce zai taho da 'yan kwamiti duka, daga wajen ajiye furanni sai can.

Na ce masa ba sai mun je ba, irin zanen nan ciwon kai yake sa ni. Ya ce ƙanwata guda a duniya, ina zan ƙi zuwa.

Na dube shi yana cin abinci, yana zare ƙayar kifi a hankali yana jerawa a gefen faranti. Shekara talatin da wani abu muna tare. Ya san yadda nake son shayi, ya san ƙafar da ke mini ciwo in hadari ya haɗu. Bai san yaren da nake ƙirga kuɗi da shi a zuci ba. Ɗanmu Rafsan yana Kanada, matarsa na da ciki, ya ce in namiji ne sunan kakansa shahidi zai sa masa.

Litinin, 17 ga Fabrairu, safe

Na san abin da zan yi. Ina wanke wa Ammu baya ya zo mini, cak, kamar amsar jarrabawa.

Na zaunar da ita na shafa mata mai, na ce, "Ammu, 'ya'yanki nawa?"

Ta fara lissafi da yatsu. Na riƙe yatsun na bar ɗaya.

"Ɗaya. 'Yarki ɗaya ce. Faɗi."

Ta faɗa da wancan yaren. Na ce da Bangla. Ta faɗa da Bangla. Na ba ta alewar madara.

Na koyar da yaran da suka fi ta taurin kai.

Laraba, 19 ga Fabrairu, la'asar

Ɗaya. Ta iya yanzu, ko ba alewa.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, bayan magariba

An yi, an gama. Ƙafafuna sun kumbura. Ammu ta ci abinci.

Asabar, 22 ga Fabrairu, hantsi

Bari in rubuta yadda aka yi, don nan gaba za a ce na ce abin da ban ce ba.

Da asuba muka fita ba takalmi, ina cikin farin sari mai baƙin baki, muka bi jerin mutane muka ajiye furanni. Tsofaffin ɗalibaina suka gan ni suka zo suna taɓa ƙafata. Na kulle Ammu kafin mu fita, na bar mata ruwa da ayaba.

Bayan sallar Juma'a muka tafi zauren baje kolin a Dhanmondi. Ya cika: 'yan jarida, ɗaliban zane, matan masu kuɗi da manyan tabarau. An ba zanen bango guda shi kaɗai, an haska shi da fitilu, zaren zinariyar yana ƙyalli. Gaskiya ya fi kyau a can. Mutane suna tsayawa a gabansa su yi shiru. Baban Rafsan ya karkata kai ya ce shi dai ya ga jinin shahidai a cikin jan nan, Farfesa Motahar ya ce ramin da aka ƙone harsashi ne. Kowa da abin da ya gani. Da Jabin ta bar su haka, da yanzu muna cin abincin rana tare.

Aka ba ta makirufo. Ta ce silikin nan na auren mahaifiyarta ne, gashin nan nata ne. Ta ce mahaifiyarta Babihariya ce 'yar Saidpur, harshenta Urdu, ta haɗiye shi fiye da shekara hamsin don 'ya'yanta su rayu, sai yanzu da tsufa ya kwance mata ɗaurin yake fitowa. Ta ce a ranar da ake girmama harshen uwa, ita ma ga na uwarta.

Wani a baya ya yi tsaki. Wasu yara biyu suka fara tafi suka daina. Farfesa ya juyo a hankali ya dubi baban Rafsan, sauran 'yan kwamitin ma suka juyo. Ni kuma na dubi wuyansa, na ga jijiyar nan ta tashi. Bai dube ni ba. Da ya dube ni wataƙila da ban iya ba.

Na miƙe. Ban buƙaci makirufo ba, muryar aji ta ishe ni.

Na ce ina neman afuwar jama'a, maganar gida ce da ban so ta fito ba. Na ce abin da Mahjabin, wato Jabin, ta faɗa gaskiya ne, uwarta Babihariya ce. Sai dai uwarta ba uwata ba ce. Na ce akwai wata mata daga sansani mai suna Zaibun da take yi mana wanke-wanke ina budurwa, ta haihu ba miji, ta rasu a ɗakin girkinmu, mahaifiyata ta ɗauki jaririyar ta shayar da ita da cokali, ta ba ta sunan gidanmu. Na ce 'yan kalmomin da tsohuwar ke maimaitawa yanzu a bakin Zaibun ta tsince su. Na ce mun ɓoye wa yarinyar don kada ta ji ta bare, ga shi ta ji rabin zance a bakin mara lafiya ta haɗa nata.

Ban san inda na samo sunan Zaibun ba. Hawaye kuwa na gaske ne, suka yi ta zuba, ban ƙirƙire su ba.

Jabin ta ce, "Apa." Makirufon na kusa da bakinta, kowa ya ji. "Apa, ki ji tsoron Allah."

Na ce, "Na yafe miki, ƙanwata. Ba laifinki ba ne, jini ne yake kiranki."

Ta juya ta dubi zanen kamar zai yi mata shaida. Matar Farfesa ta rungume ni tana cewa Allah ya saka wa mahaifiyata, irin wannan zuciya sai Bangalawa. Wata 'yar jarida ta bi Jabin tana tambayarta yaya take ji da ta san gaskiyar asalinta a gaban aikinta. Har hoto suka ɗauka.

A mota baban Rafsan ya kafa ido a kan titi. Sai da muka kusa gida ya ce, "Me ya hana ki gaya mini tuntuni?"

"Na ji tsoron ka ƙi ta."

Ya kama hannuna. "Kina da zuciya, Dilruba."

Bai sake tambayar komai ba. Ko ya yarda ne, ko yarda yake so ya yi, ban sani ba, ba kuma zan tono ba.

Lahadi, 23 ga Fabrairu, azahar

Waya ba ta huta ba. Kowa yabon Ammu yake. Rafsan ya kira ya ce wallahi ya daɗe yana jin Khala Jabin, wato Inna Jabin, daban take.

Litinin, 24 ga Fabrairu, bayan la'asar

Jabin ta zo. Baban Rafsan ne ya ce mai gadi ya bar ta, wai tausayi, marainiya ce. Ya tare ta a falo da murya mai laushi, ba tsokana, ba mai fentin kaji. Ya ce gidan nan gidanta ne duk da haka. Duk da haka. Na ga kalmar ta shige ta.

Idanunta sun kumbura. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Dulabhai, ka zo ka tsaya, ina so ka ji da kunnenka."

Muka shiga mu uku. Ammu na zaune a bakin gado tana ninke gefen mayafinta tana warwarewa. Duk mai ido zai ga hancinsu ɗaya, goshinsu ɗaya, ni ce ma na ɗebo Abbu. Baban Rafsan yana da ido, amma ƙasa yake kallo.

Jabin ta durƙusa ta kama gwiwoyinta. "Ammi, ni ce. Ki gaya musu wa ya haife ni."

Ammu ta dube ta, ta dubi ƙofa, ta dube ni. Rabonta da ganin Jabin ya kai mako biyu, a wajen Ammu kuwa mako biyu shekara ce.

Na ce, a hankali, "Ammu, 'ya'yanki nawa?"

Ta ɗaga yatsa. "Ɗaya," ta ce, da Bangla mai kyau. "'Yata ɗaya ce." Sannan ta miƙo mini tafin hannu tana jiran alewa.

Jabin ta daɗe a durƙushe. Da ta tashi ta biyo ni har ɗakin girki, ta ja ƙofa.

"Gashinta na wurina, Apa. In na so, gobe likita zai ƙaryata ki a takarda."

"To ki je mana."

"In kai wa wa? Ita nake so ta san ni, ba takarda ba." Ta dubi hannuna, alewar na ciki. "Ke kika koya mata."

Na ce shayi zan dafa, in za ta sha.

Ta ce, "Ni aƙalla na san abin da aka ƙwace mini. Ke fa?"

Kamar littafi, na faɗa. Ta fita ba ta yi wa kowa sallama ba.

Laraba, 26 ga Fabrairu, hantsi

Mai gadi ya hawo da jakar leda, wai wata ta bari a ƙofa. Guntayen jan siliki ne, da busasshen fenti a jikinsu, da zaren zinariya a dunƙule, da farin gashi an tsinke shi daga ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Jabin ta yanke su duka daga jikin zanen. Matar Farfesa ta ce abin na nan rataye da ramuka ko'ina, mutane ma sun fi zuwa kallonsa yanzu. Ta ce an ce Jabin ta bar ɗakin Mohammadpur, ba wanda ya san inda ta koma. Wayarta a kashe.

Na rasa inda zan sa jakar. Ba ta shiga shara, ba ta shiga akwati. Tana bayan buhun shinkafa.

Ammu ta ƙi cin abinci.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, magariba

Ta ƙi ci yau ma. Ruwa kawai.

Juma'a, 28 ga Fabrairu, safe

Na shiga da kunun shinkafa na buɗe labule. Ammu ta farka ta dube ni, fuskarta ta washe gaba ɗaya, irin yadda ban taɓa gani ta yi mini ba. Ta kama fuskata da hannu biyu ta sumbaci goshina.

"Jabin," ta ce, da wancan yaren. "'Yata ɗaya. Ina kika shiga?"

Na ce ni ce Dilruba.

"Wace ce Dilruba?"

Na ce babbar 'yarki.

Ta girgiza kai, ta ɗaga yatsa ɗaya ta nuna mini, tana murmushi don ta san ta ba da amsa daidai. Sannan ta jawo ni kusa ta rage murya, tana satar kallon ƙofa.

"Matar gidan nan ba ta da imani, Jabin. Ki tafi da ni."

Na zauna a bakin gadon. Na ɗebo kunu a cokali, ta buɗe baki ta karɓa, ta shanye kwanon tas, tana shafa mini hannu tana kirana da sunan. Na amsa. Da wancan yaren na amsa, ya fito daga bakina ba gargada, na ce mata to, Ammi, gobe za mu tafi.

Baban Rafsan ya ƙwala mini kira daga falo, wai su Farfesa sun iso, a kawo shayi. Na goge mata baki, na fito, na murza makulli.